Darasi Kan Takardar Gona: Yaushe Take Amfanar Manomi?

A mafi yawan ƙauyukanmu, in aka tambayi wane ne mai gonar da ke bayan rafi, ba a buɗe littafi kafin a ba da amsa. Dagaci ya sani, maƙwabtan gonar sun sani, dattijon da ya zauna wurin rabon gado shekara 40 da suka wuce yana iya faɗin wanda ya sami gefen kuka da wanda ya sami gefen fadama, kuma layin gamba yana nan yana nuna inda iyaka ta tsaya. Hanyoyin da gona ke shiga hannun mutum ma sanannu ne: gado, saye, kyauta, aro, haya, jingina, ko saran daji da izinin mai gari. Malamai ba su bar zancen ba. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi littafi na musamman, Ta'alimur Radi, kan dalilan da ke sa mutum ya keɓanta da ƙasar da ba ta da mai ita, kamar raya ta da noma ko samun ta daga hannun shugaba. Lokacin da Polly Hill, wata Baturiyar Ingila mai binciken tattalin arzikin karkara, ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a 1967, ta tarar ana sayar da gonaki ana kuma jinginar da su. Duk wanda ya ce manomin ƙauye bai san mallaka ba sai gwamnati ta koya masa, to shi ne bai san ƙauye ba.

Abin da ya canza shi ne nauyin da aka ɗora wa wannan sani na ka. Ƙidayar Nijar ta 1988 ta sami mutum miliyan 7.2, ta 2012 kuwa miliyan 17.1, jihar Maraɗi kaɗai a lokacin tana da miliyan 3.4. A karkarar Kano an daɗe da daina barin saura, ko wace shekara sai an noma gona. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai yau jikoki ne rututu ke da rabo a cikinta, wasu suna Legas, wasu Agadas. Mai saye kuma ba lallai ɗan gari ba ne. Sau da yawa attajiri ne daga birni, ko kamfani, ko hukuma mai neman hanyar titi, kuma waɗannan ba su san dattijon nan ba, in ma sun san shi ba su jin nauyinsa, ga shi kuma wata rana zai bar duniya da abin da ke kansa. Ta nan takarda ke shigowa. Ra'ayin da wannan darasi ya tsaya a kai shi ne, takardar gona tana ƙara arzikin karkara idan ta rubuta haƙƙin da mutanen gari suka riga suka yarda da shi, a gabansu, da kuɗin da talaka zai iya biya, kuma ta ambaci haƙƙin kowa har da na wanda ba shi ne mai gonar ba. In waɗannan sharuɗɗa ba su cika ba, gara a bar gona yadda take.

Bari mu fara da alkawarin da aka fi yi wa manoma, wato in ka yi takarda banki zai ba ka bashi. Wanda ya fi yaɗa wannan magana shi ne Hernando de Soto, masanin tattalin arziki ɗan ƙasar Peru, wanda a littafinsa na shekarar 2000 ya ƙiyasta cewa gidaje da filayen talakawan duniya marasa takarda sun kai dala tiriliyan 9.3, ya kira su matacciyar dukiya tun da ba a iya ba da su jingina. Maganar tana da daɗin ji, amma an riga an gwada ta a Afirka tun kafin ya rubuta. A Kenya, daga 1954, ƙarƙashin shirin Swynnerton, Turawan mulki suka fara auna gonaki suna haɗe guntaye wuri guda suna ba mutum ɗaya takarda, gwamnatin 'yancin kai kuma ta ci gaba da aikin shekaru masu yawa. Masu binciken da suka bi sawu daga baya, har da na Bankin Duniya, ba su ga wani bambanci mai yawa ba wajen samun bashi ko yawan amfanin gona tsakanin mai takarda da marar ita. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Banki yana duba ko za a iya biyansa, noman damina kuwa ya dogara ga ruwan sama. Yana kuma duba ko in an kasa biya zai iya yin gwanjon gonar, kuma ba baƙon da zai sayi eka biyu a tsakiyar dangin wanda aka ƙwace wa ya noma ta cikin kwanciyar hankali. Shi ma manomi mai hankali ba ya son ɗora abincin 'ya'yansa a kan bashin da fari ɗaya zai iya hana shi biya.

Amfanin takarda na gaske yana wani wuri, kuma hujjarsa mafi ƙarfi ta fito ne daga gonakin Maraɗi da Damagaram. Dokar gandun daji da Nijar ta gada daga Faransa ta sa itatuwa irin su gawo a hannun hukuma ko da a gonar mutum suka tsiro. In ka sare reshe malamin daji ya ci ka tara, saboda haka manomi yakan tumɓuke tsiro tun yana ƙarami don kada ya zame masa fitina. Daga tsakiyar shekarun 1980 abin ya sassauta, manoma suka fara ɗaukar cewa itacen da suka raina nasu ne, aka kuma yaɗa dabarar barin toho a jikin kututture ana yi masa aski, wadda ake kira sassaben zamani. Masu nazarin hotunan tauraron ɗan'adam sun ƙiyasta cewa itatuwa kimanin miliyan 200 suka dawo a kan hekta miliyan 5. Sabuwar dokar gandun daji ta zo ne a 2004, bayan aikin ya yi nisa. Abin lura a nan shi ne ba a raba wa kowa bashi ba. Mutum ya sami tabbacin cewa wahalarsa shi za ta amfana, sai ya yi wahalar. Haka abin yake ga kai takin gargajiya, da haƙa rijiyar lambu, da dasa mangwaro, da jera duwatsu don tare zaizaya. Ba mai yin waɗannan a gonar da yake tsoron za a karɓe baɗi.

Habasha ta nuna cewa ana iya samar da wannan tabbaci da takarda mai araha. An fara a yankin Tigrai a 1998, sauran manyan yankuna suka biyo baya, cikin 'yan shekaru aka rubuta filaye sama da miliyan 20 na magidanta kusan miliyan 6, a kan abin da bai wuce dala 1 ba kowane fili. Kwamitin da mutanen ƙauye suka zaɓa ne ya yi aikin, da igiya ko tef, maƙwabta suna tsaye, ana rubuta sunan wanda ke gabas da yamma da kudu da arewa. A Habasha ƙasa ta gwamnati ce, ba a yarda a sayar da ita ba, amma duk da haka bincike ya nuna masu takarda sun ƙara himma wajen gyaran ƙasa da dasa itatuwa. Wani sakamakon da ya fi jan hankali shi ne zawarawa da matan da mazansu suka rasu sun ƙara sakin jiki suna ba da gonakinsu haya, domin tsoron da suke yi na cewa ɗan haya, wanda sau da yawa ɗan'uwan mijin ne, zai wayi gari ya ce tasa ce, ya ragu. Wannan ya shafi marar gona kai tsaye, domin in mai gona ba ya tsoron ba da aro ko haya, marar gona ne ke samun inda zai noma. Nijar ta ga akasin haka. A 1974 shugaban ƙasa Seyni Kountché ya yi shelar cewa gona ta wanda ke noma ta ce, da niyyar taimakon talaka, sai masu gonaki da yawa suka shiga karɓe abin da suka ba da aro don kada ya ɓace musu.

Irin wannan ruɗani, da kuma zubar da jini kamar na Toda a jihar Maraɗi, inda a watan Oktoba na 1991 aka kashe Fulani fiye da 100 galibi mata da yara, suna cikin yanayin da Nijar ta fitar da dokar da ake kira Kod Rural, ranar 2 ga Maris 1993. Ya kamata ɗalibi ya fahimci tsarinta, domin ta bi hanyar da ta sha bamban da ta Kenya. Ginshiƙinta shi ne haƙƙin da mutum ya samu ta hanyar al'ada yana da kariya daidai da wanda ya samu ta rubutacciyar doka. Wanda ya gaji gona ba ya bukatar gwamnati ta ba shi ita, abin da yake bukata a shaida a rubuta. Don yin haka aka kafa kwamitocin filaye, waɗanda mutane ke kira kofo. Na farko an kafa su a Mirya da Maine Sorowa a 1994, daga baya aka yi su hawa uku: na gunduma, na ƙaramar hukuma wanda aka ɗora wa magajin gari shugabancinsa, da na ƙauye ko ruga wanda mai gari ko shugaban makiyaya ke shugabanta, tare da sakatare mai iya rubutu da wakilan manoma da makiyaya da mata da matasa. Kwamitin ƙauye yana ba da takardar shaidar riƙon gado, da ta ciniki, da ta kyauta, kuma, abin da ya fi burge ni a tsarin, yana da takardar aro da ta haya da ta jingina. Kafin a rubuta sai an sanar da jama'a an je gonar an ji ta bakin maƙwabta. Kwamitin ba ya yanke hukunci. In rigima ta tashi sarakunan gargajiya ne ke fara sulhu su rubuta yadda aka ƙare, in ya gagara a tafi kotu. Haka kuma kwamitocin suna shata burtali da mashaya da makiyaya su kafa musu alama, suna kuma cikin masu tsayar da ranar sakin gonaki bayan girbi. Dokar kiwo ta 2010 ta ƙara da cewa yawon kiwo haƙƙi ne, ta hana wani ya killace makiyayar jama'a ya mai da ita tasa.

Ba a ce komai ya tafi daidai ba. Ƙauyuka da dama ba su da kwamiti, inda yake kuma sau da yawa yakan yi aiki ne muddin akwai wata ƙungiyar agaji mai biyan kuɗin mai da takardu, in ta tafi ya kwanta. Amma ƙashin bayan tsarin daidai yake, kuma za a fi ganin haka in aka leƙa Nijeriya. Tun dokar 1910, Turawa suka ayyana ƙasar Arewa a matsayin wadda ke ƙarƙashin ikon gwamna, dokar Jihar Arewa ta 1962 ta riƙe wannan, sannan dokar amfani da ƙasa ta 29 ga Maris 1978, zamanin Janar Obasanjo, ta shimfiɗa shi a duk ƙasar, aka kuma saka ta cikin tsarin mulki don ta yi wuyar gyarawa. A ƙarƙashinta ƙasar kowace jiha amana ce a hannun gwamna. A karkara ƙaramar hukuma na iya ba da takardar izinin riƙo na gargajiya har hekta 500 don noma ko 5,000 don kiwo. Sashe na 36 ya bar wa wanda ke noman gonarsa tun kafin dokar ya ci gaba da riƙe ta, amma sashen ya kuma hana a yanka irin wannan gona ko a miƙa ta ga wani. Kowa ya san ana sayar da gonaki kullum a gaban dagaci da shaidu. Ke nan mafi yawan cinikin ƙasa a karkara yana gudana ne a gefen doka. Mai son takardar gwamna kuwa sai ya biya safiyo, ya yi ta zirga-zirga zuwa babban birnin jiha, in zai jinginar sai ya sake neman amincewar gwamna, kuma a shari'ar bankin Savannah da Ajilo a 1989 Kotun Ƙoli ta ce jinginar da ba ta da wannan amincewa ɓatacciya ce. Ba mamaki da kwamitin gyaran dokar ƙasa da Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya kafa a 2009, ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje, ya riƙa ambaton cewa ƙasar da aka yi wa rajista a Nijeriya ba ta wuce kashi 3 cikin 100 ba. Tsarin da sai mai kuɗi da mai hanya ke iya bi yana da haɗari fiye da rashin tsari, domin yana ba baƙo takardar da kotu za ta duba, alhali mai gado ba shi da komai sai bakin shaidu.

Mai sauraro zai iya cewa, ai duk inda gwamnati ta auna gona, haraji take nema ko ƙwace. Wannan tsoro yana da tarihi. A farkon zamanin Turawa, a wasu gundumomin Kano da Katsina, malaman taki sun riƙa auna gonaki da ƙafa don a yanka haraji gwargwadon faɗinsu, kuma jama'a ba su manta ba. Gaskiya ne kuma takarda ba ta hana gwamnati karɓar ƙasa don aikin jama'a, dokar 1978 ta ba ta wannan iko, diyyar da ta tanada ma ta amfanin gona ce da itatuwa da gini, ba ta ƙasar kanta ba. Sai dai a duba abin da ke faruwa in babu rubutu. A Bakolori, kusa da Talata Mafara, bayan an gina madatsar ruwa a kan kogin Sakkwato, share ƙasa da daidaita ta don noman rani ya tafi da itatuwa da alamomin iyaka, sake rabon gonaki ya rikice, biyan diyya ya zama abin jayayya, har manoma suka tare hanyoyi, a watan Afrilu na 1980 'yan sanda suka buɗe musu wuta aka kashe mutane da yawa. Da akwai takarda ma da an yi madatsar. Amma da kowane manomi yana da abin nunawa kan faɗin gonarsa da yawan itatuwansa, da jerin masu karɓar diyya bai zama abin da ake tsarawa a ofis ba. Hukuma ta san hanyar ƙauye ko an yi rajista ko ba a yi ba.

Suka ta biyu ta fi nauyi, kuma ba a kawar da ita da baki. Ana cewa ranar rubutu ita ce ranar da mai ƙarfi ke cinye marar ƙarfi. An ga haka a Kenya, inda aka rubuta sunan maigida ko babban wa shi kaɗai, matansa da ƙannensa suka wayi gari ba su da komai a idon doka. An ga wani nau'insa a Nijar ma: Christian Lund, wanda ya yi bincike a yankin Damagaram, ya nuna cewa jin labarin za a yi rajista ya sa tsofaffin rigingimu sun farfaɗo, kowa na son ya kafa hujja kafin a rufe littafi. Dalili shi ne gona ɗaya takan ɗauki haƙƙoƙi da yawa. Maigida na da gandu, matarsa na da gayauna a ciki, wanda aka ba jingina yana ci har a biya shi, wata tsohuwa ce ke da ɗorawar da ke tsakiya, makiyayi yana da hanyar wucewa zuwa mashaya da kuma kiwon kara bayan girbi. Takardar da ke da gurbin suna ɗaya tak tana share sauran. Masu bincike Marthe Diarra da Marie Monimart sun rubuta yadda matan kudancin Maraɗi ke rasa gayaunarsu yayin da gonaki suka ƙanƙance, da yadda wasu suka koma neman rabonsu na gado kamar yadda shari'a ta tanada, rabin na ɗa namiji ga 'ya mace, tumuni ga matar mamaci in akwai 'ya'ya. A Ruwanda, inda aka auna filaye sama da miliyan 10 tsakanin 2009 da 2013 da hotunan jirgin sama, gwajin farko ya nuna matan da ke da takardar aure sun amfana, waɗanda ba su da ita sun yi asara, sai da aka gyara yadda ake rubuta su. A Arewacin Nijeriya an yi dokar makiyaya tun 1965, aka ware wurare sama da 400, amma mafi yawansu ba a kammala shigar da su cikin doka ba, noma da gine-gine suka cinye su tare da burtalin da ke haɗa su.

Duk waɗannan misalai suna nuna yadda ya kamata a yi aikin, ba su nuna a fasa shi ba, domin cinye marar ƙarfi yana gudana ko ba takarda, a ɓoye, ɗaya bayan ɗaya. Abin da ke kare shi shi ne a auna gari gaba ɗaya a lokaci guda maimakon mai kuɗi ya je ya yi tasa shi kaɗai, a fara da shata burtali da mashaya da hurumi da maƙabarta kafin a taɓa gonar kowa, a liƙa sakamako a ƙofar dagaci a karanta shi da babbar murya don waɗanda ba su iya karatu ba, a ba da wa'adin ƙorafi mai tsawo wanda zai kai lokacin da 'yan cirani da makiyaya suka dawo. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya: mai aro ya ce aro ne, magada mata a kira sunayensu ɗaya ɗaya, in gonar gado ce ba a raba ba a rubuta ta da sunan magada duka. Dagaci kuma kada a cire shi, don shi ne ya fi kowa sanin tarihin gonaki, amma kada a bar shi shi kaɗai, don an sha ganin gona ɗaya da takardun ciniki biyu masu hatimi iri ɗaya.

Saura wani abu da masu shirya irin wannan aiki suka fi mantawa. Rajista tana fara tsufa tun ranar da aka gama ta, domin mutane suna mutuwa, ana rabon gado, ana ciniki. A Kenya an tarar da gonaki da yawa har yanzu da sunan mamata, a Ruwanda ma bayan an gama babban aikin mutanen karkara da dama sun koma ciniki da takardar hannu saboda kuɗin canjin suna ya yi musu yawa a kan ƙaramin fili. Saboda haka ofishin canjin suna dole ya kasance inda za a je a dawo a yini guda, kuɗinsa kuma ya bi girman gona. Kafin hukuma ta kai ga haka, akwai abin da ajin yaƙi da jahilci ke iya yi da kansa, kuma addini ya riga ya kwaɗaitar da shi, tun da aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a cikin suratul Baƙara, umarni ce da rubuta bashi da kafa shaidu. Duk wata yarjejeniyar gona, ko da tsakanin wa da ƙane ce, a rubuta ta da boko ko da ajami: sunan mai bayarwa da mai karɓa, irin yarjejeniyar, ciniki ce ko aro ko haya ko jingina, kuɗin da aka biya, damina nawa za ta ɗauka, maƙwabtan kusurwa huɗu, wanda ke da itatuwan ciki, kwanan wata, da sa hannu ko dangwalen shaidu, a cikinsu har da magada mata in gonar ta gado ce. A yi kwafi uku, ɗaya ga kowane ɓangare, ɗaya a wurin dagaci ko kwamitin filaye, kowa kuma ya ɗauki hotonta a waya.